Layi Huɗu Safe da Yamma

Daga sansanin ginin dam,
Ranar Litinin.

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, gida ma lafiya. Na iso bayan kwana biyu a mota, ba abin da ke damuna sai ciwon baya. Ɗakin maganin da suka ba ni kwantena ce aka yanka wa taga. Ma'aikata ɗari huɗu, ni kaɗai ke ba da magani. Waya ba ta kamawa a nan ko ka hau kan dutse. Motar kayan kamfani tana zuwa duk kwana goma, direban ya kwana ya juya, saboda haka ki riƙa kai wasiƙarki ofishinsu na cikin gari, a can kuma za ki karɓi tawa.

Yanzu maganar kyanwar nan Toka. Na faɗa miki da baki, amma na san kanki rariya ne, shi ya sa nake rubutawa.

Ƙarfe bakwai na safe da bakwai na yamma. Ba bakwai da rabi ba, ba lokacin da kika ga dama ba. Ki fara zuba mata rabin gwangwanin abincinta, ki tsaya a kanta har ta cinye, sannan allura. Idan ba ta ci ba, babu allura. Insulin, maganin sukarinta, layi biyu a sirinji, ki ɗaga shi saitin ido ki ƙirga. Kwalbar tana tsakiyar firij, kada ki kai ta wurin ƙanƙara. Ki murza ta a tafin hannu a hankali, kada ki girgiza ta kamar maganin tari. Ki tsinko fatar kafaɗarta ki soka, gobe kuma ɗaya gefen. Sau biyu a mako ki huda gefen kunnenta ki gwada jinin da na'urar gwajin sukari, ki rubuto mini lambar.

Burodi bai halatta gare ta ba. Na san kina dawowa gida da ragowar na wurin aikinku. Ke ki ci, jikinki ya riga ya nuna.

Kyanwar nan ita kaɗai ta rage mini daga marigayiya matata. Wata ɗaya kacal da gano mata ciwon sukari aka turo ni nan, da ina da wani da zan bar wa ita da ban bar miki ba. Shekara biyu kina ɗakin baya na gidana ban taɓa neman komai a wurinki ba. Wannan ne na nema. Ko wadda ta kasa gama makarantar jinya ai ta iya ƙirga biyu.

Yayanki.

*

Ranar Alhamis.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da ka isa lafiya, Allah ya sauwaƙe bayan. Ni lafiya lau, sai ƙunar tiren burodi a wuyan hannu, ta kusa warkewa. Na gode da tambayar da ba ka yi ba.

Toka tana nan. Kwana uku na farko yaƙi muka yi. Da ta ji ƙarar buɗe firij sai ta shige ƙarƙashin gadonku, in kwanta rub da ciki ina lallaɓa ta kamar mai neman aure. Ta zana mini layi uku a damtse, wato ta fi ka da ɗaya. Yanzu na gano dabararta: ina ajiye ta a kan tsohon mayafin marigayiya Anti, tana lasar kwano ina sokawa, ba ta ma waiwayowa. Lambobin su ne 19, da 17.5, da 18. Ruwa har yanzu tana sha kamar raƙumi, yashin fitsarinta sau biyu nake canzawa a rana. Busasshen abincin nan mai ƙwayoyi da kake haɗa mata da shi ya ƙare, ban samu irinsa ba, sai nake cika mata da dafaffiyar kaza marar gishiri.

Ka ce bakwai da bakwai. Aikin tanda ƙarfe biyar ake shiga, ka sani. Na roƙi mai gidan burodin ya mayar da ni aikin rana, ya mayar da ni, amma teburin ƙulla leda. Tandar da ya ce zai damƙa mini a ƙarshen wata ya ba wata. Shekara ɗaya da rabi ina koyon wutar nan, Yaya. Yanzu ina tsaye ina ƙulla bakin leda tare da sababbin shiga. Ban ce ka yi wani abu ba, na dai ce ka sani.

Maman Anti tana zuwa duk Laraba da la'asar. Takan zauna a kujerar 'yarta, Toka ta haye cinyarta, ita kuma ta yi ta shafa ta tana ba ni labarinka. Wai ba a taɓa yin suruki irinka ba, mutumin da ya riƙa ƙirga wa matarsa magani da hannunsa har ranar ƙarshe, yanzu kuma ko kyanwarta bai yarda ta wulaƙanta ba. Idonta ya ƙara lalacewa, sai na kamo hannunta a matakala. Tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirji.

Maganar makaranta kuma, ban kasa ba. Ina shekara ta biyu Anti ta kwanta, kai ka zo har ƙofar ɗakin kwananmu ka ce in dawo gida na wata ɗaya. Wata takwas na yi. Wannan ma na iya ƙirga shi.

Ƙanwarka.

*

Ranar Lahadi.

Auta,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Zazzaɓi ya shigo sansanin, mutum sittin nake gani a rana.

Shafi biyu kika cika, abin da nake nema layi ɗaya ne a tsakiya, sai da na yi ta lalube. Daga yau ki sa lambar a can sama, ita kaɗai, da manyan haruffa. Tatsuniyar leda da tanda ki ba wa maƙwabta. Mutum yana tsaye a kan magungunan rai ɗari huɗu, ba shi da lokacin karanta ƙorafin mai ƙulla burodi.

Wa ya ce ki canza mata abinci? Ba a ba ki kyanwar don ki gwada basirarki ba. Tunda kin riga kin yi, ki bar shi haka, kada ki sake taɓa komai sai na ce.

Wata takwas ɗin da kike ta maimaitawa, ci kika yi, sha kika yi, ƙoƙon magani kawai kike miƙawa bayan na ƙirga miki. Da kina da kan karatu da kin koma. 'Yan ajinku yanzu suna asibiti da fararen kaya, ke kuma garin fulawa ne ya mayar da ke fara.

Ki gaida surukata, ki saya mata lemo idan ta zo.

Yayanki.

*

2.8

Ranar Asabar.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fata zazzaɓin ya lafa. Mota biyu ta wuce ka samu lamba kawai daga gare ni kamar yadda ka ce, ina fata ka huta. Yau dai sai ka daure ka karanta, don lambar da ke sama ta tsorata ni.

Kwana goma sha biyu ke nan Toka tana canzawa. Ta rage shan ruwa, yashin sau ɗaya nake zubarwa. Gashinta ya kwanta, ta fara hawa saman firij, abin da ta daina tun kafin ka tafi. Lambobin safe suna ta sauka: 12, sai 9, shekaranjiya 6.4. Na yi ta ba ta layi biyu saboda ka ce kada in taɓa komai.

Yau ina hutu, Allah ya taimaka. Ta ci, na yi mata allura ƙarfe bakwai. Wajen goma ina wanke-wanke na ji wani abu ya bugi ƙafar tebur. Toka ce take tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, ta nufi kwanon ruwa ta wuce shi, ta je ta kifa kai a bango ta tsaya. Na kira ta ba ta san ni ba. Idon a buɗe, ba ya kallon komai. Na huda kunnenta, na'urar ta nuna abin da na rubuta a sama. Na tuna abin da aka koya mana a aji, na lakato zuma na goga mata a dasashi, na sake gogawa, na zauna a ƙasan kicin da ita a cinya. Bayan kamar minti goma ta ɗago ta lashi yatsana. Na ba ta kaza ta ci.

Da ranar aiki ce, da ina can ina ƙulla leda ita tana nan ita kaɗai.

Yaya, ina ganin allurar ta yi mata yawa yanzu. Ban yi mata ta yamma ba. Ina so in kai ta wurin likitar dabbobin nan ta bayan tashar mota, amma ka ce sai da izininka. Ka ba ni amsa da wannan motar.

Ƙanwarka.

*

Ranar Talata.

Auta,

Salama. Lafiya.

Ashirin da takwas! Na bar miki kyanwa tana sha tara, kin kai ta ashirin da takwas. Ban tsaya karanta sauran surutun ba, mutum goma sha biyu ne a layi a bakin taga. Amma idona ya faɗa kan kalmar zuma, ita ta ishe ni. Zuma kike ba mai ciwon sukari? Ko mahaukacin da ke kwana a bakin kasuwa ba zai yi haka ba. Na ga kuma a ƙasa kin rubuta wai ba ki yi mata allurar yamma ba. To me kike jira, ta mutu ki koma tandarki?

Ki saurara. Daga ranar da wannan ta shiga hannunki, layi huɗu safe, layi huɗu yamma. Kada ki rage ko ɗigo. Kada ki yi tunani, ba a ajiye ki don tunani ba.

Likitar dabbobi kuma ban yarda ba. Yarinyar da ta fito makaranta jiya, wadda aikinta yi wa karnuka aski, ita za ta gyara mini lissafi? Shekara goma sha tara ina auna magani.

Idan wani abu ya sami kyanwar nan, ki tabbata na san hannun da ya yi. Marigayiya ta sha ce mini kina da kirki, na sha ce mata kirkin wanda ba shi da wurin zuwa ne. Ki rubuto mini kalma biyu kawai: na yi.

Yayanki.

*

Ranar Juma'a.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya.

Na yi.

Wasiƙarka ta zo Alhamis, motar kuma da yammacin nan za ta koma ta kai muku maganin zazzaɓi. Yau da safe ta ci rabin gwangwani, na ɗaga sirinji saitin ido na ƙirga huɗu, ban yi tunani ba. Na tafi aiki. Na dawo ƙarfe huɗu na same ta a bakin ƙofar ɗakinku, a miƙe, bakin a buɗe. Ta yi fitsari a inda take. Daga shatar da ke kan tabarmar ƙofa ta daɗe tana shure-shure. Jikin ya riga ya sandare, da ƙyar na lanƙwasa ƙafafun ta shiga kwali.

Ka ɗauko wasiƙata ta ranar Asabar. Ka buɗe ta sosai, ka miƙar da ninkin da ke sama, ka kai ta bakin tagar kwantenarka. Tsakanin biyu da takwas akwai ɗigo. Biyu da ɗigo takwas na rubuta. Idan ka samu sarari daga rai ɗari huɗu, ka karanta sauran surutun, duk yana ciki.

Ka ce za ka san hannun da ya yi. Nawa ne. Shekara goma sha tara ɗin kuma naka ne.

Ƙanwarka.

*

Ranar Laraba.

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Wannan ba za ta same ka ba sai motar ta dawo ta sake tafiya, na je ofishin sau biyu ko akwai mai zuwa wajenku, babu.

Toka tana raye. Tana kan mayafin Anti yanzu haka tana wanke fuska. Ƙarya na rubuta maka.

Da na karanta wasiƙarka a bakin ofishin kamfanin, na tsaya a titi har mai babur ya zage ni. Ban yi mata layi huɗu ba, ko ɗaya ban yi ba. Tun ranar Asabar ɗin ban sake soka mata allura ba. Na sa ta a kwando na kai ta wurin yarinyar da ke yi wa karnuka aski. Ta gwada jini, ta duba littafin lambobina shafi-shafi, ta ce wa ya rubuta wannan, na ce ni, ta ce a ina na yi karatu. Ta ce wasu kyanwoyin idan aka kama ciwon da wuri, aka raba su da busasshen abinci, jikinsu yakan farfaɗo ya daina buƙatar allura, wani lokaci na watanni, wani lokaci har abada. Ta ce kada a ba ta insulin, a ci gaba da gwangwani da kaza a kan lokaci, a riƙa gwaji, idan lambar ta haura a dawo. Na nuna mata inda ka rubuta huɗu. Ta ninke takardar ta miƙo mini.

Na dawo gida na zauna na rubuta maka waccan. Ina so ka ji ciwo na kwana goma. Ina so sau ɗaya ka karanta wasiƙata daga sama har ƙasa. Har daɗi na ji ina tsara maganar kwalin.

Yau Maman Anti ta zo, tana shafa Toka tana yi maka addu'a, sai na ji kunya ta rufe ni. Abin da na yi ba shi da kyau. Ka yi haƙuri, Yaya. Lambar safiyar yau 5.7, babu allura kwana goma sha ɗaya.

Ƙanwarka.

*

Ranar Lahadi.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ba ni da lafiya, amma ba ta jiki ba.

Direba ya ba ni wasiƙarki ta Juma'a da la'asar. Na rufe taga mutane suna tsaye. Na miƙar da ninkin. Ɗigon yana nan. Na karanta ta Asabar ɗin sau huɗu, komai kin faɗa, kin faɗa daidai, zumar ma daidai ce. Ba hannunki ba ne. Kada ki ɗauka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba zan iya riƙe biyu ba, shi ya sa zan faɗa miki.

Kin tuna kwanakin ƙarshe na Antinki, da take amai, take cewa fitilar ɗaki ta koma rawaya, abinci ya fita ranta? Ranar da na kai ta asibiti ni kaɗai, likitan zuciyar ya gwada jininta ya ce maganin ya taru a jikinta, ƙodarta ba ta fitar da shi. Ya rubuta a dakatar da ƙaramar farar ƙwayar nan kwana uku, sannan a koma rabi. Yaro ne, na girme shi da shekara goma, ya faɗa mini a gaban ma'aikatan jinya kamar yana koya wa ɗalibi. Ni na san maganin nan tun yana firamare. Na ga kumburin ƙafarta ya sauka a kansa, na ce ba za a rage ba. Na sa takardarsa a aljihu, na ce muku ya ce a ci gaba.

Kwana tara na ƙirga ta cikakkiya a ƙoƙo. Ranar ta shida ta riƙe hannun rigata ta ce, “Maganin nan ne, ina ji a jikina.” Na ce mata tsoro ne kawai, ta daina shagwaɓa.

Da ta rasu kowa ya ce zuciya ce, an san tana da ita. Likitan ya zo gaisuwa ya riƙe hannuna ya ce mun yi iya ƙoƙarinmu. Ban sani ba ko da na bi takardarsa za ta rayu. Shekara biyu ina ce wa kaina ba za ta rayu ba. Yau na kasa.

Duk lokacin da mahaifiyarta ta yaba mini, sai in ji kamar in fita da gudu. Aikin nan ba turo ni aka yi ba, ni na nema.

Na zalunce ki a kan makaranta. Idan na dawo za mu je tare a nemi a mayar da ke. Ki binne Toka a bayan gida wajen famfo, inda take shan hantsi. Ki yafe mini idan za ki iya.

Yayanki.

*

Ranar Laraba.

Auta,

Babu gaisuwa tsakanina da ke.

Tana raye. Kika zauna kika ƙaga gawa, da fitsari, da kwali, don ki ga hawayen yayanki. Kwana goma ban ci abincin kirki ba. Na ba wani birkila maganin da ba nasa ba, Allah ya sa ya dawo ya tambaya. Ashe kina can kina dariya kina shafa kyanwa.

Wasiƙar da na rubuta miki ranar Lahadi, da yaudara kika ciro ta, saboda haka ba taki ba ce. Mutumin da ya rubuta ta ba ya cikin hankalinsa, zazzaɓi ne da rashin barci, rabin abin da ke ciki ban ma tuna shi daidai ba. Ki ƙone ta yau, ki zuba tokar a masai. Idan kalma ɗaya ta fita, zan ce ke kika ƙaga kamar yadda kika ƙaga gawar, ga wasiƙarki a hannuna shaida. Ki kuma tuna wanda ke miƙa ƙoƙon. Ni ina wurin aiki tun safe, ke ce a ɗakin, ke ce 'yar makarantar jinya.

Motar nan ta zo ba ki rubuto komai a kan waccan ba, to ya fi miki. Kafin ƙarshen wata ki kwashe kayanki daga ɗakin baya. Ki bar mabuɗi da kyanwar a wurin maƙwabciya ta ƙasa. Maganar komawa makaranta ki manta da ita.

Yayanki, tunda ba yadda zan yi.

*

Ranar Asabar.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma cin abinci. Ni lafiya, Toka lafiya, jiya 6.1.

Na kwashe kayana. Wata abokiyar aikina ta ba ni gefen ɗakinta, katifa ɗaya da ƙusa biyu a bango. Mabuɗi yana wurin maƙwabciya. Toka tana wurina, ba zan bar ta inda hannunka zai kai ba.

Ka ce ban rubuto komai a kan wasiƙar Lahadi ba. Ban iya ba. Na karanta ta a tsaye a bakin ofishin, na shiga bayan wata mota na yi amai. Ba sai ka tuna mini wanda ke miƙa ƙoƙon ba. Kwana taran nan duk suna kaina. Ranar ta bakwai ta kulle baki ta juya wa bango, ni na zauna a bakin gado ina lallashinta. Na ce, “Anti, daure, Yaya ya fi mu sani.” Na niƙa ƙwayar a cokali na haɗa da ruwa don ta wuce da sauƙi. Ta sha don kada in ji kunya a gabanka. Har na yi mata tafi.

Duk da haka na yi niyyar ƙone wasiƙar. Na sa ta a jaka da ashana, kwana goma ina yawo da su. Na ce mutum ya durƙusa, ba zan taka shi ba. Sai taka ta Laraba ta zo.

Jiya bayan na tashi aiki na je gidan Maman Anti. Na same ta a ɗakinta tana tsince zare a jikin wata tsohuwar rigar 'yarta, rediyo yana magana shi kaɗai. Ta yi murna, ta ce ko saƙon surukinta na kawo. Na ce shi ne. Ta kashe rediyon, ta gyara zama, ta ce karanta mini, idon nan ya zama ado.

Na karanta mata daga salama har sa hannu, ban tsallake ko ɗigo ba. Ba ta yi kuka ba. Da na gama ta ce in koma wurin da ta riƙe hannun rigarka. Na koma. Ta ce in sake. Na sake. Sannan ta ce, “Ke ce kike ba ta?” Na ce ni ce. Ta ce, “Kin sani?” Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai.

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta shafa ta kamar mai duba yadi, ta ninke, ta tura cikin rigarta. Tana can, ka je ka ƙone ta da kanka.

Na tambaye ta ko tana da saƙo zuwa gare ka. Ta ce ba ta da shi. Na tashi zan tafi, har na kai ƙofa, ta kira ni. Na ɗauka ruwa take so.

Ta ce, “'Yar nan, shekara biyu ina kwana da cewa 'yata ta tafi a hannun masu sonta. Shi kaɗai nake da shi, yau kin zo kin karɓe. Ba don ita kika karanta mini ba, ba don ni ba. Faɗanku ne da ɗan'uwanki, kika rasa sanda kika ɗauke ni.” Ta ce kada in sake taka mata ƙofa, ni da kyanwar duka.

Gaskiya ta faɗa. Na sauko matakala ina jiran sanyin da na ɗauka zan ji, bai zo ba, har yanzu bai zo ba. Na tambayi kaina a hanya, da za a mayar da ni bakin ƙofarta da takardar a jaka, me zan yi. Yaya, shiga zan yi. Uwa ɗaya ta haife mu.

Kada ka rubuto. Na gaya wa magatakardan ofishin duk abin da ya zo da sunana ya mayar da shi cikin motar.

Auta.